Shatin Hannu a Bakin Rijiyarmu

Da sharaɗi Baba ya yarda na shiga makarantar nan, kuma sai da ya sa na maimaita sharaɗin da bakina ina tsaye a tsakar gida, sabuwar rigar makaranta a hannuna. Kada in gaya wa kowa unguwar da muke zaune. Kada in gaya wa kowa inda muka taso kafin mu zo nan. Ranar da wata magana ta biyo ni gida daga makarantar, komai ƙanƙantarta, ranar na gama zuwa.

"Kin ji ni ko, Uwata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Na ji, Baba."

"Ba ji nake so ba, riƙewa. Na san bakinki."

Ya san shi kuwa. Tun ina ƙarama bakina ba shi da linzami, kuma ga ni da saurin hawa. Amma wannan karon na yi niyyar ɗaure shi tamau, saboda na san wahalar da Mama ta sha. Hutu guda ta kwashe tana lallaɓa Baba. Makarantar unguwarmu ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, ni kuma aikin jinya nake so tun ban san yadda ake rubuta shi ba. Waccan da ke tsakiyar gari tana da komai, sai dai kowa da kowa ne a cikinta: masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, 'yan wannan tsallake da 'yan wancan. Abin da Baba yake tsoro ke nan.

Ban ga laifinsa ba. Ina 'yar shekara bakwai aka yi rikicin da ya tashe mu daga gidanmu na wajen Bukuru. Mu yara aka tura mu wurin gwaggo, muka yi watanni a can. Da ƙura ta lafa, Baba ya yi abin da mutane da yawa suka yi a Jos lokacin, wato musayar gida. Wani mutum da ke kusa da Laranto, wanda shi ma iyalinsa ba sa iya barci a inda suke, ya karɓi namu, mu muka karɓi nasa. Da muka dawo sai kawai muka ga kayanmu a wani gida. Ban taɓa ganin mutanen ba, ban san ko suna da 'ya'ya ba. Baba ya koma sayar da katakonsa a Laranto, bai sake ambaton tsohon gidan ba. Ko Mama ta yi suɓul da baka ta ce "can gida", sai ya tashi ya ɗauki butarsa.

Ranar Alhamis ta makon farko malamar Turanci ta fara shigo mana, mu 'yan ajin farko na babbar sakandare. Bayarabiya ce, gajera, mai faɗin murya, da rigar sanyi ruwan toka, don ruwa aka kwana ana yi kuma sanyin Jos bai san girman kowa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare mana kallo. Babu wanda ya tsara mana wurin zama, amma mun tsara kanmu: mu biyar masu hijabi mun cure a kusurwar taga, samarin da ke da hula a aljihu suna bayanmu, sauran ajin duk suna can ɓangaren ƙofa. Tsakaninmu layin benci guda babu kowa.

Ta ajiye jakarta ta ce, da Turanci, yau ba za ta koyar da komai ba. Ba ta koyar da mutanen da ba su san juna ba. Wasa za mu yi.

Na ce a raina, to fa, ga abin da Baba yake gudu nan.

Wasan farko da sauƙi. Ta dunƙule tsohuwar safa ta zama ƙwallo, wanda aka jefa wa ya faɗi sunansa da abincin da ya fi so. Aka yi ta jin gwate da acca da masa da soyayyen dankali. Wani dogo ya ce shi duk abin da ba a rufe ba yana so, aka yi dariya. Amma na lura ƙwallon nan ba ta tsallaka layin bencin da ba kowa. Can take yawo, in malama ta karɓa ta jefo mana, sai ta yi ta yawo a nan. Ita ma malamar ta lura. Ta karɓe safarta ta jefa a jaka, ta fito da wata leda cike da marafan kwalba.

Kowane marfi da lamba a cikinsa, kowace lamba marfi biyu. Ka zara, ka nemi mai lambarka, ku zauna benci ɗaya. Za ku yi wa juna tambayoyi na minti goma, sannan kowa ya tashi ya gabatar da abokinsa ga aji. Ta ɗauki alli ta rubuta dokoki a allo, ta ja musu layi biyu biyu. Ba a tambayar addini. Ba a tambayar ƙabila. Ba a tambayar unguwa. Wanda ta ji yana yin wani yare ba Turanci ba, ciyawar bayan aji tana jiransa.

Wallahi sai na ji ta burge ni. Matar nan ta san garin da take. Na saki jiki, na ce sharaɗin Baba ya tsira.

Sai ta ƙara da cewa, tunda ba za mu faɗi unguwa ba, kowa ya kwatanta wa abokinsa gidansu. Abu uku da ke gidanku waɗanda babu su a gidan kowa. A ganinta ta kauce wa rami ke nan. Ni ma haka na gani.

Lamba goma sha ɗaya na zara. Mai ɗayan marfin wata yarinya ce siririya, baƙa, gashinta a aske ƙasa ƙasa, da ɗan gicciye na azurfa a wuyanta wanda take ta turawa cikin riga yana fitowa. Ta zo ta zauna a ƙarshen bencin kamar mai jiran allura. Na ce mata ta fara tambaya, don ni ba na iya zama shiru.

Ta tambayi sunana, ta rubuta. Abinci, na ce masa da miyar taushe, ta rubuta. Sai gida.

Da Turancina mai ɗingishi na fara zuba. Na ce ƙofar gidanmu ta ƙarfe ce, ba ta rufuwa sai ka ɗaga ta da ƙafa. Ta rubuta. Na ce akwai wani ɗaki da aka yi wa taga mai kusurwa uku, ban san wane gwanin ne ya yi ta ba. Biron ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba. Ni ko a jikina. Na ce na uku shi ne ya fi, muna da rijiya a tsakar gida, kuma a simintin bakinta akwai shatin hannun wani yaro, ɗan mitsitsi, hannun hagu, babban yatsan ya zame kamar an fizge shi kafin ya gama dannawa. Na ce ƙannena kullum sai sun gwada nasu a ciki su ga wa ya fi girma. Har da dariyata na ƙara cewa, ta yi sauri ta rubuta shi, don jibi Asabar za a shafe shi. Bakin rijiyar ya tsattsage, Baba ya riga ya sayo siminti.

Ba ta rubuta ba. Ta ajiye biron a kan takardar.

Ta sunkuyo, ta yi magana da Hausa, ƙasa ƙasa, irin Hausar Jos ɗin nan da ba ruwanta da mace ko namiji.

"Rijiyan, akwai ƙarfe biyu a gefe na rataya guga?"

Na daina dariya. Akwai.

"To ku ne," in ji ta. "Kai ne kake kwana a ɗakin mai tagan. Ɗakina ne." Ta nuna ƙirjinta. "Mu ne a gidanku."

Abin da ya fara zuwar mini ba tausayi ba ne, kuma ba zan yi ƙarya ba. Tsoro ne, sai fushi ya biyo bayansa a guje. Na ga Baba yana karɓe rigar makarantata. Na ga ajin nan sun juyo kaina ana cewa ga waɗanda suka cinye gidan mutane. Ban san lokacin da na ce, da ƙarfi, "Ba ƙwace muka yi ba! Musaya aka yi!"

Benci uku suka waiwayo. Malama ta ɗago kai daga can gaba ta ce wa take ji yana neman lauje. Na duƙar da kai. Baki shi ke yanka wuya, ga shi tun ba a yi mako ba na fara wasa wuƙar da kaina.

Yarinyar ta jira malama ta juya, sannan ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Na sani. Ban ce kun ƙwace ba." Ta sake tura gicciyen cikin riga. "Hannun ƙanena ne. Ranan da babana ya yi simintin ya sa hannu, Mama ta janye shi, ta mare shi. Bayan mun tashi da wata huɗu ya rasu. Zazzaɓi. Hotonshi ɗaya ne, ya ɓace a gudu."

Na sunkuya ina murza marfin kwalbar a hannuna. Ni da ba a raba ni da magana.

Malama ta buga tebur da dasta. Lokaci ya cika. Takardata fara fat, ban tambaye ta komai ba sai sunanta da na ji lokacin ƙwallo.

Aka fara tashi bi da bi. Lamba ɗaya, lamba biyu. Ana dariya, ana tafi, wani ya ce gidan abokinsa akwai agwagwa mai cizo, wata ta ce gidan ƙawarta akwai firij da ake ajiye takalma a ciki. Ajin ya fara sakewa, har layin bencin nan ya cika da mutane. Ni kuwa ƙirga lambobi nake yi. Bakwai. Takwas. Kalma ɗaya za ta faɗa, shi ke nan. Ba sai ta zage ni ba. Ta ce gidansu ne, kafin a tashi labarin ya zaga makaranta, kafin Juma'a ya isa kasuwar katako, domin akwai 'ya'yan abokan Baba biyu a bayana suna zaune. Na ƙudurta a raina in ta tona ni, ni ma sai na rama, duk da ban san da me zan rama ba.

"Goma sha ɗaya."

Ta miƙe da takardarta. Ta faɗi sunana daidai. Ta faɗi masa da miyar taushe. Ta faɗi ƙofar da ake ɗagawa da ƙafa, aka ɗan yi dariya. Ta faɗi taga mai kusurwa uku. Sai ta ce akwai rijiya, kuma a bakin rijiyar akwai... ta tsaya.

Ajin ya yi tsit. Ana jin ruwa yana ɗiga daga kwanon rufi a waje. Idanunta sun ciko, kowa ya gani. Wani daga baya ya ce da Hausa, "Me ta yi miki?" Wani kuma daga ɓangarenmu ya ce, "Wa ya ce an yi mata wani abu?" Na ji benci ya motsa a bayana. A Jos ba a bukatar fiye da haka. Malama ta taka zuwa tsakiyar aji, fuskarta ta canza, ta ce kowa ya rufe bakinsa, sannan ta tambayi yarinyar ko lafiya.

Na riƙe gefen benci har farcena ya shiga katakon.

Ta share ido da bayan hannu ta ce mura take yi. Ta dubi takardar, ta ce a bakin rijiyar akwai shatin hannun yaro, kuma yaran gidan suna wasa da shi kullum. Ta ce gida ne mai kyau. Ta zauna.

Malama ta sa aka yi mata tafi. Sai ta juyo kaina.

Na tashi da farar takarda a hannu. Na faɗi sunanta. Abinci na ce gwate, na ci sa'a shi ta faɗa ɗazu. Da na zo kan gida sai na ga ai ba na bukatar takarda, tsohon gidanmu ne. Na ce a bayan gidansu akwai wani faffaɗan dutse da ake shanya wanki a kai, da rana yana ɗumi kamar bayan kyanwa. Na ce matakalar ƙofar ɗakin tsakiya uku ce, ta biyun ta fi sauran tsawo, baƙo duk sai ya yi tuntuɓe. Na ce akwai itacen lemon tsami a kusurwa wanda wata tsohuwa ta shuka. Inna ce tsohuwar, mahaifiyar Baba, amma ban faɗa ba, na yi maza na zauna. Ban sani ba ko itacen yana nan, ko an sare shi tuntuni. Ita dai ba ta gyara mini ba.

Malama ta ce mu ne muka fi kowa sauraron juna, a yi koyi da mu. Allah sarki, baiwar Allah. Har ta bar makarantar ba ta san abin da marafan kwalbarta suka haɗa ba.

Da aka tashi, yarinyar ta same ni a bakin ƙofar makaranta ina jiran Keke. Ta tsaya gefe kamar ba da ni take ba.

"Da gaske Asabar?"

"Da gaske."

"Mamana har yanzu tana maganan hannun. Da za ka iya gaya wa babanka..." Ta dubi hijabina, ta dubi titi. "Bar shi kawai. Na san ba zai yiwu ba."

Ta tsallaka ta shiga motar Bukuru.

Ranar Juma'a ban ci abin kirki ba. In na wuce rijiya sai in kauce da ido. Buhun siminti biyu suna jingine a zaure an rufe su da leda. Lissafin a fili yake: in na yi shiru, hannun ya tafi, ni kuma in ci gaba da karatuna, babu wanda zai taɓa sani. In na yi magana, dole in faɗi yadda aka yi na sani, kuma wannan ita ce ainihin maganar da Baba ya ce kada ta biyo ni gida. Na yi ta jin haushin yarinyar, na ji haushin malama da wasanninta, na ji haushin yaron da ya rasa inda zai sa hannu sai a rijiyarmu. Daga baya na ji kunyar kaina. Sau biyu na je zan gaya wa Mama, in na tuna hutun da ta kwashe tana roƙo sai in dawo.

Asabar da hantsi birkila ya zo. Ya zuba yashi, ya fasa buhu, ya fara kwaɓawa da shebur. Baba yana tsaye da ƙaramar riga yana nuna masa inda ya tsage. Ni ina bakin madafa da tsintsiya, ina share wuri ɗaya tun ɗazu. Birkila ya cika kwanon sarki, ya durƙusa, ya fara yaɓawa daga gefen ƙarafan guga. Yana tafe yana zagayowa. Saura kamar taku biyu ya kai.

"Baba, kada a shafe hannun nan."

Duk suka juyo. Mama ta leƙo daga madafa da ludayi.

"Wane hannu?"

"Na bakin rijiya. Na ɗan masu gidan ne. Ya rasu. Ba su da hotonsa."

Baba ya kalle ni, kallon da na fi tsoro, wanda ba ya ɗaga murya. "Wa ya gaya miki?"

Na faɗa masa duka. Marafan kwalba, dokokin allo, abu uku, yarinya mai gicciye. Ban rage ba, har ihun da na yi sai da na faɗa. Ina yi ina kuka ina jin haushin kukan. Da na gama na ce, "Ban faɗi unguwa ba, wallahi ban faɗa ba. Amma na san na karya. In za ka cire ni ka cire ni, sai dai a bar mata hannun."

Mama ta ce, "Innalillahi," ta koma ciki.

Birkila ya tsaya da cokalin gini a sama, siminti yana zuba daga bakinsa, yana duban wannan yana duban wancan. Can ya ce, "Oga, kwaɓin zai bushe fa."

Baba ya taka zuwa rijiyar ya tsuguna. Shekara takwas yana ɗiban ruwan alwala a wurin, ban taɓa ganin ya dubi shatin nan ba. Ya daɗe yana kallonsa. Ya sa yatsa ya share yashin da ya faɗa ciki. Sannan ya miƙe ya shiga madafa, ya fito da ƙaramin kwanon sha na silba, ya kifa shi a kan hannun.

"Ka zagaye wannan," ya ce wa birkila. "Kada ka taɓa abin da ke ƙarƙashi."

Ya shige ɗakinsa ya saki labule. Bai ce mini komai game da makaranta ba, kuma shirun nan ya fi duka ciwo. Na wuni ina jiran a aiko a karɓi rigar. Mama ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma kalle ni ba. Aka gama aiki, birkila ya wanke kayansa ya tafi, kwanon yana nan a kife a tsakiyar sabon siminti.

Bayan la'asar Baba ya fito da buta zai yi alwala. Ya zauna a kan turmi, ya zuba ruwa a hannu, ya tsaya bai wanke ba.

"Uwata."

Na zo na durƙusa. Na riga na shirya, na ce ko me ya faɗa ba zan yi gardama ba.

Bai dube ni ba, ruwan yana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Ranar Litinin in kin je, ki tambayo mini ita," ya ce. Ya gyara murya. "Lemon tsamin nan da Inna ta shuka. Ko yana nan."

Na ce to. Na tashi na je na jiƙa farar safata, don ta bushe kafin Litinin.